Bayan rage kuɗin magani, saura a dubi halin da ma'aikatan jinya ke ciki

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai masassara gidan likita a watan Satumba, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, ya san yadda wurin yake kasancewa. Mata sun cika benci da tabarmi tun bayan sallar asuba, kowace da ɗanta a goye da katin asibiti a hannu. A ciki kuma ɗaki guda ne da tebur guda da mutum guda cikin farar riga. Shi zai auna zafin jiki, ya soki yatsar yaro don gwajin cizon sauro, ya rubuta magani, ya leƙa ɗakin kwanciya ya sa wa wani ƙarin ruwa, sannan ya dawo ya cika rajista. Idan uwa ta fito, abin da aka fi ji daga bakinta shi ne ko kallonta bai yi ba, ko kuma ya yi mata tsawa a gaban mutane.

Wannan kuka na jama'a gaskiya ne, kuma an daɗe ana yin sa. Sai dai da wuya a ji an juya tambayar an ce: shi wannan mai farar riga yana jin daɗin aikinsa kuwa? Yaushe rabon da a biya shi a kan lokaci? Dare nawa ya yi gadi a wannan makon? Akwai magani a kantin asibitin da zai ba wanda ya duba? Tun ranar 1 ga watan Satumban 2024 hukumomin Nijar suka zabge rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati, suka mayar da haihuwa kyauta, suka kuma soke jaka 150 na CFA da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara yi musu. Talakawa sun yi marhabin da matakin. Amma rangwame a kan takarda ba ya warkar da kowa sai ta hannun ma'aikacin da ke tsaye a kan marar lafiya, shi ya sa halin da yake aiki a ciki ya zama batun da ya shafi kowane gida.

Su ne ginshiƙin kiwon lafiya a ƙasar nan

A tsarin kiwon lafiya na Nijar, marar lafiya kan fara ne daga ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda aka gina da yawa ƙarƙashin shirin musamman na marigayi shugaba Tandja Mamadou tun daga 2001. Daga nan sai CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha da cibiyoyin kula da uwa da yaro, kafin a kai ga manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram da asibitin ƙwararru na Maraɗi. An kasa ƙasar zuwa gundumomin kiwon lafiya 72, kuma CSI sun haura dubu. Mafi yawan waɗannan CSI ma'aikacin jinya ne ke shugabantar su, wanda jama'a ke kira majo. A ƙauyuka da dama shi ne likita, shi ne mai karɓar haihuwa idan babu ungozomar asibiti, shi ne mai tsara allurar rigakafi, shi ne kuma mai haɗa rahoton wata.

Ke nan akasarin ƴan Nijar za su yi shekaru ba su ga dokta ba, amma ba za su rasa ganin majo ko abokan aikinsa ba. Idan waɗannan mutane suka gaji, ko ransu ya ɓaci, ko suka bar aiki, babu wani matakin da zai toshe giɓin.

Masana sun daɗe da nuna alaƙar da ke tsakanin gajiyar ma'aikacin jinya da rayuwar marar lafiya. A 2002 wata mai bincike a Amurka, Linda Aiken, ita da abokan aikinta sun yi nazarin asibitoci 168 a jihar Pennsylvania. Sun gano cewa duk marar lafiya guda da aka ƙara wa ma'aikacin jinya a kan waɗanda yake kula da su, haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, haɗarin ma'aikacin ya kai ga mummunar gajiya yana ƙaruwa da kashi 23, rashin gamsuwa da aiki kuma da kashi 15. A ƙasar da ke da wadatar kayan aiki aka samu wannan sakamako. Mai karatu na iya auna abin da kansa da ɗakin yara na asibitin gunduma a tsakiyar damina.

Hannu kaɗan, aiki jibge

Abu na farko da ke rage wa ma'aikaci jin daɗin aikinsa shi ne yawan aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ƙasa na buƙatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 44,5 ga kowane mutum 10.000 idan tana son kiwon lafiya ya isa ga kowa. Nijar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ma'auni ba. Tana kuma cikin jerin ƙasashe 55 da hukumar ta fitar a 2023, waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai matsayin da ake neman ƙasashe masu arziki su daina zawarcin ma'aikatansu.

A ɗaya ɓangaren jama'a ƙaruwa suke yi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai, yau kuwa an haura miliyan 25, kuma kusan rabinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kowace shekara daga Yuli zuwa Oktoba masassarar cizon sauro da tamowa kan zo tare, lamarin da ke cika ɗakunan yara a wurare irin su Madarunfa da Magarya har a kwantar da yara biyu ko fiye a gado guda. A daidai wannan lokaci ne kuma ake fita rabon maganin rigakafin masassara ga ƙananan yara gida gida. Da rani ga sanƙarau da ƙyanda. Kowane shiri yana zuwa da nasa rajista da nasa rahoto, kuma mutanen da ke duba marasa lafiya su ne dai ke cika su.

Ma'aikacin da ya duba mutum sittin ko tamanin a yini ba shi da minti goma da zai ba kowa. Ya san bai yi aikin yadda aka koya masa a makarantar ENSP ba, kuma wannan sanin kansa yana cin rai. Da yawa sun shiga aikin ne da niyyar taimako, sai suka tarar abin da ake nema a gare su shi ne su rage layi kafin azahar.

Riga iri ɗaya, matsayi daban daban

Abu na biyu shi ne matsayin aiki. Marar lafiya idan ya shiga asibiti fararen riguna kawai yake gani, amma a cikinsu akwai aƙalla rukuni huɗu. Akwai cikakken ma'aikacin gwamnati mai lambar aiki ta dindindin, wadda ake kira matricule, da albashi da ƙarin girma da fansho. Akwai ɗan kwantaragi, wanda abin da yake samu bai kai na farkon ba, kuma an sha jin kukan jinkirin biyansa. Akwai mai bautar ƙasa na wani ƙayyadadden lokaci. Sai kuma mai aikin sa kai, wanda ya gama makaranta, ya rasa wurin aiki, ya zo yana taimakawa ba albashi don kada hannunsa ya mutu, yana fatar wata rana a tuna da shi. A wuraren da ƙungiyoyin agaji ke aiki akwai rukuni na biyar, masu kwantaragin ƙungiya, waɗanda galibi suka fi sauran samu.

Duk waɗannan gadi guda suke yi, jini guda suke taɓawa, kuma cutar da ke iya kama wannan tana iya kama wancan. Babu abin da ke kashe gwiwa kamar mutum ya ga wanda suke aiki kafaɗa da kafaɗa yana karɓar ninkin abin da yake samu, ko ya kwashe shekaru yana jiran lambar aiki alhali wani da ya zo bayansa ya samu. Makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yawaita a Yamai da manyan biranen jihohi, suna yaye ɗalibai kowace shekara, amma ɗaukar aiki a gwamnati ba ya tafiya da saurin yayewar. Sakamakon shi ne abin mamakin da ake gani: asibitoci na kukan rashin ma'aikata, masu takardar shaidar aikin jinya kuma na zaune a gida.

A nan ne kuma wasu munanan ɗabi'u ke samun ƙofa. Wanda ba ya da albashi, ko aka yi wata biyu ba a biya shi ba, shi ne aka fi samu da sayar da magani a aljihu ko neman na goro kafin ya duba mutum. Ba a ce hakan daidai ne ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyoyin ƙwadago na fannin, irin su SUSAS, sun sha shiga yajin aiki a shekarun baya a kan batun ɗaukar ma'aikata da alawus da kyautata yanayin aiki, kuma duk lokacin da aka yi, talakan da ba ya iya zuwa kilinik mai zaman kanta ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Darasin magani kyauta na 2006

Abu na uku shi ne kayan aiki da magani, kuma a nan tarihi yana da abin faɗa wa masu mulki na yau. A tsakanin 2005 da 2006 gwamnatin Tandja ta mayar da tiyatar haihuwa da awon ciki da tsarin iyali da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mata sun yi tururuwa zuwa asibitoci, kuma matakin na cikin abubuwan da suka taimaka wajen rage mutuwar ƙananan yara a shekarun da suka biyo baya. Tsarin shi ne asibiti ya yi maganin, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta mayar masa. Sai dai mayarwar ta riƙa ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, bashi ya taru har ya kai biliyoyin CFA. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin abin da ya biyo baya: asusun CSI ya bushe, kantin magani ya koma fanko, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya a farmasi.

Wanda ya sha zagin wannan kuwa shi ne ma'aikacin jinya. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta ne, ta zo an miƙa mata takardar sayen magani, to me za ta ɗauka in ba cewa majo ya karkatar da shi ba? Aiki ya ninka, magani ya ragu, amana tsakanin ma'aikaci da jama'a ta yi rauni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da katse wutar lantarki daga Najeriya sun ƙara tsananta lamarin har zuwa lokacin da aka ɗage su a watan Fabrairun 2024. Magunguna sun yi wuya, kuma ma'aikata da dama sun yi aikin dare da fitilar salula.

Rangwamen 2024 yana iya faɗawa wannan rami idan ba a yi hattara ba. Kuɗin da marasa lafiya ke biya da su ne asibitoci da yawa ke sayen magani da safar hannu da man ambilans, da su ne kuma ake biyan wasu ƙananan ma'aikata. Idan an zabge rabinsu, dole a cike gurbin daga baitulmali, kuma a kan lokaci. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, alkawarin da Nijar ba ta cika ba kamar akasarin ƙasashen nahiyar. Yanzu da matsalar tsaro ke laƙume kaso mai tsoka na kasafin, kuma wasu masu ba da tallafi daga waje suka ja baya, tambayar inda kuɗin cike gurbin za su fito tana nan a tsaye.

Wa ake turawa ƙauye, wa ke zama birni

Abu na huɗu shi ne wurin da aka tura mutum aiki da yadda aka tura shi. Sanannen abu ne cewa ma'aikatan lafiya sun fi taruwa a Yamai da manyan birane, alhali mafi yawan jama'a a karkara suke. Akwai CSI na birni da ake samun ma'aikata sun yi yawa har ana karɓa karɓa, ga kuma na daji mai mutum ɗaya ko biyu. Wanda ke shi kaɗai ba shi da ranar hutu. Idan ya tafi taro a gunduma ko ya je karɓar albashi, asibitin ya tsaya. Idan aka buga masa ƙofa da ƙarfe biyu na dare dole ya tashi.

Ƙauyen kansa ba shi ne ya fi ɓata wa ma'aikata rai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ganin cewa mai uwa a gindin murhu ba ya daɗewa a can, shi kuwa marar kowa sai ya shekara biyar ko fiye ba wanda ya tuna da shi. Ga matsalar gidan kwana da ruwan sha da makarantar yara. Ga mata ma'aikata, waɗanda suke da yawa a wannan aiki, akwai batun aure: miji na aiki a birni, ita an tura ta nesa, ga gadin dare ga renon yara. Sannan ga tsaro. A sassan Tillaberi da Diffa da arewacin Tawa an rufe wasu cibiyoyin lafiya saboda hare hare, a kudu maso yammacin Maraɗi kuma, wajen Madarunfa da Gidan Runji, masu satar mutane don kuɗin fansa sun sa kwana a wasu ƙauyuka ya zama kasada.

Maƙwabtanmu na Najeriya da Ghana suna kukan ma'aikatan jinyarsu na tafiya Ingila da Amurka. A Nijar gudun ya fi zama na cikin gida: daga ƙauye zuwa birni, daga gwamnati zuwa ƙungiyoyin agaji da kilinik masu zaman kansu, daga gefen gadon marar lafiya zuwa aikin ofis. Ga mutumin ƙauyen da aka bari, duk ɗaya ne.

Albashi da daraja

Wani masanin halayyar ma'aikata ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da wani bayani a 1959 da har yau ake koyarwa. Ya ce abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban suke da waɗanda ke sa shi ƙaunar aikinsa. Albashi da yanayin wurin aiki da tsarin shugabanci, idan suka lalace mutum zai yi ta ƙorafi, idan aka gyara su ƙorafin zai lafa. Amma abin da ke sa mutum ya ba da zuciyarsa shi ne a yaba masa, a ba shi amana, ya ga sakamakon aikinsa, ya kuma ga hanyar ci gaba a gabansa.

Idan aka ɗora wannan a kan asibitocinmu, za a ga giɓi ta kowane ɓangare. Masu sa ido daga gunduma sukan zo ne su duba rajista su ƙirga kurakurai, ba kasafai ake zama a koya wa ma'aikaci ko a ce masa sannu da ƙoƙari ba. Tarurrukan ƙara wa juna sani, waɗanda ke zuwa da ɗan kuɗin zama, sau da yawa fuskoki iri ɗaya ne ke halartar su. Mai ƙwazo da malalaci albashinsu guda, kuma da wuya a hukunta na biyun idan yana da wanda ya tsaya masa. A littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a 2003, bayan bincike a asibitocin Yamai da Bamako da Dakar da Abijan da Konakiri, an nuna yadda wanda ba shi da sanayya a asibiti ke fuskantar wulaƙanci, an kuma nuna cewa rashin sakayya ga nagari da rashin hukunci ga masu laifi na cikin tushen matsalar.

Mu ma jama'ar gari muna da namu kason. Ana kawo marar lafiya bayan an gama zagaye wurin masu tallar magani a tire da masu sassaƙe, sai ciwo ya ci ƙarfinsa, idan ya cika a ce sakacin ma'aikata ne. Ana cika ɗakin jinya da ƴan dubiya, wanda ya ce a fita ya zama marar mutunci. Mai hali yana tsallake layi da waya guda. Ma'aikacin da ake yi wa haka kullum, wata rana zai huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da ke iya yiwuwa

Wasu gyare gyaren suna buƙatar kuɗi masu yawa, musamman ɗaukar sabbin ma'aikata da ba ƴan kwantaragin da suka daɗe lambar aiki. Ko da ba za a iya yi gaba ɗaya ba, fitar da jadawali a fili, mai nuna adadin da za a ɗauka kowace shekara da ƙa'idar da za a bi, zai sa mai jira ya san inda ya dosa. Mayar wa asibitoci kuɗin magani kyauta da na rangwame a kan lokaci shi ne abin da zai hana a maimaita abin da ya faru bayan 2006.

Wasu kuma adalci kawai suke buƙata. A ƙayyade shekarun da mutum zai yi a wuri mai wuya, idan ya cika a ba shi damar zaɓen inda zai koma, a kuma fifita shi wajen ƙaro karatu. A raba ma'aikata bisa yawan marasa lafiyar da kowace cibiya ke karɓa. A biya ɗan kwantaragi ranar da ake biyan sauran. A rage yawan takardun da shirye shirye daban daban ke ɗora wa mutum guda. Magadan gari da kwamitocin kula da asibitoci da sarakuna na iya taimakawa da gidan kwana da ruwa da wutar sola, kamar yadda wasu garuruwa ke yi wa malaman makaranta. Su ma ƙungiyoyin ƙwadago, maganarsu za ta fi nauyi a idon jama'a idan suna tsawata wa mambobinsu masu cin zarafin marasa lafiya kamar yadda suke tsayawa kan alawus.

Ranar 12 ga watan Mayu ta kowace shekara ake bikin ma'aikatan jinya a duniya, a yi jawabai a yaba musu. Ma'aunin da ya fi wannan nuna gaskiya shi ne watan Satumba, lokacin da layin mata ke kaiwa bakin ƙofar CSI: mutum nawa ne ke cikin ɗakin, an biya su ko ba a biya ba, kuma akwai magani a kanti ko babu. Ofishin ministan kiwon lafiya ne ke da waɗannan alƙaluma gunduma gunduma, kuma fitar da su ga jama'a zai nuna ko rangwamen da aka yi wa talaka yana isa gare shi.